Ƙugiyar da Ba Ta Yi Aiki Ba

Saura kwana uku Auta ta tafi garin da aka tura ta aiki, motar gidan ta fara ƙara. Da an taka birki sai ta saki wani siririn kuka mai shiga haƙori, har masu tafiya a gefen titi su waiwayo. Motar nan kuwa ita mahaifinta ya yi alkawarin ba ta, domin makarantar da za ta koyar tana can bayan duwatsu, hanyar duk hawa ce da gangara da kwana. Auta kuma ba ta fi wata shida da samun lasin ba.

Mahaifin nata, wanda duk layin ke kira Hedimasta ko da yake shekararsa huɗu da ajiye aiki, ya kai motar wurin bakaniken da ya saba da shi, ya tarar da garejin a rufe. Aka ce mutumin ya yi tafiya, sai sati na sama. Akwai wasu garejin a gari, amma Hedimasta ya ce shi ba zai miƙa birkin 'yarsa ga hannun da bai sani ba. Ya biya shagon kayan mota ya sayo sababbin takalman birki a kwali, ya dawo ya zauna da wayarsa ya kalli bidiyo uku na yadda ake canza su. Daga nan ya sanar da mutanen gidan cewa aikin ba wani abu ba ne, da kansa zai yi shi ranar Asabar. Hannun da ya sani ɗin kuwa, wato nasa, bai taɓa riƙe abin da ya fi alli da jan biro nauyi ba. Ko ƙwan lantarki ne ya mutu a gidan, shi dai nasa ya tsaya a ƙasa ya riƙe kujera yana ba da shawara.

Matarsa ba ta yi masa musu ba. Ita ce Sista, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin tiyata tana miƙa wa likitoci kayan aiki, har gwiwarta ta hagu ta riga ta gajiya. Ta karɓi wayar ta kalli bidiyo ɗaya, sau ɗaya, ta mayar masa. Ta ce idan ba zai damu ba, za ta fito ta riƙa miƙa masa kaya.

Da safiyar Asabar ya fito cikin tsohuwar rigarsa yana naɗe hannu, sai ya tarar an riga shi. An share simintin tsakar gida fes. An datse tayoyin baya da bulo biyu. Ga jak, ga guntun gungumen icce a gefensa. A kan benci kuma ga babban farantin da ake kai wa baƙi shayi, an shimfiɗa masa farin ƙyalle, an jera kayan aiki a kai, kowanne da wurinsa: sifanu uku, abin kwance taya, filaya, sukudireba, burushi, gwangwanin giris, tsummoki biyu, matsin ƙarfe da ta aro wurin kafintan bakin layi, sai wata ƙugiya da ta yanko daga hangar rataye kaya ta lanƙwasa ta kai da gindi. Ta zare makullin motar ta jefa a aljihun rigarta, ta ce ba zai fito ba sai an gama an ƙirga kaya sun cika. Sannan ta ce ya matso su ƙirga tare, domin ita ba ta yarda da ƙirgan mutum ɗaya ba, ko da nata ne.

Hedimasta ya yi dariya. "Maman Auta, mota ce fa, ba cikin mutum ba."

"Mutum zai shiga cikinta," ta ce. "Ƙirga, Malam."

Ya ƙirga, tana taɓa kowanne da yatsa. Goma sha biyu.

Suka fara da tayar gaba ta hagu. Ya ɗauko jak zai ɗaga motar, sai Sista ta tambaye shi, da murya irin ta mai neman a koya mata, ko ba a ƙasa mutumin bidiyon ya fara sassauta notuna ba, tun taya ba ta samu damar juyawa ba. Hedimasta ya ce ai abin da yake shirin yi ke nan. Da motar ta ɗagu, ta tura gungumen iccen ƙarƙashinta da ƙafa, ta ce ita dai tsoro gare ta, ba ta son ransa ya dogara ga jak kaɗai. Haka aka yi ta tafiya. Shi yana bayani, ita tana tambaya, kuma duk tambayar da ta yi sai ya ga ta faɗo daidai gaban kuskuren da yake dab da yi.

Da taya ta fita, ga faifan birki yana sheƙi, ga ƙarfen da ke rungume da shi kamar muƙamuƙi, wanda makanikai ke ce wa kalifa. A cikinsa takalman suke, su ne ke matse faifan idan an taka birki. Hedimasta ya kwance ƙusoshin biyu da ke riƙe da kalifar, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya zaro ta, ya rasa inda zai ajiye ta, don tana haɗe da wani baƙin tiyo na roba. Kafin ya sake ta ta yi lilo, Sista ta riga ta maƙala ƙugiyar nan a jikin sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke saman taya, ta rataye kalifar a kai. Ta ce ta tiyon nan man birki ke bi, idan ya tsage, to ƙafa za ta taka ta ji wayam, don haka ba a bari ya ɗauki nauyi, ba a kuma bari wani abu ya goge shi.

Tsofaffin takalman sun cinye har ƙarfe ya fara leƙowa. Ta ɗora ɗaya kusa da sabo a tafin hannunta, suka duba bambancin. Shi dai sai ya tuna gangarar da ke bayan duwatsu.

Wani abu ne ya fara damun Hedimasta tun daga nan, abin kuma ba na ɓacin rai ba ne. Shekara talatin da ɗaya yana kai matar nan bakin asibiti yana ɗauko ta, bai taɓa ganin ta tana aiki ba. Ƙofar ɗakin tiyata ba ta buɗuwa ga miji. Abin da ya sani shi ne kumburarrun ƙafafu da yamma, da warin magani a mayafi. Yau ga shi yana gani. Bai buɗe baki ya ce sifana ba, sai ya ji ta a tafin hannunsa, kuma ta wajen mariƙin. Da ya ajiye abu a ƙasa, ya koma faranti. Ba ta gaggawa, ba ta kuma tsayawa. Da aka zo mayar da fistin, wato ƙarfen da ke tura takalman, ciki da matsin kafinta, ita ta tuna a buɗe bonet a sassauta murfin man birki, ta tsaya tana kallon man yana hawa a hankali kada ya zube. Da zai shafa giris, ta riƙe masa wuyan hannu ta juya takalmin, ta ce a baya kawai, fuskar ba ta son maiƙo ko na yatsa. Ya ji ta burge shi ƙwarai, irin burgewar da ya manta rabonsa da ji tun suna saurayi da budurwa. Bai faɗa mata ba. Sai ya ce aikin yana tafiya yadda ya tsara.

Akwai labarinta da shi kansa ya sha bayarwa a cikin abokai. Wata rana an gama yi wa wata mata aiki, babban likita ya ce a ɗinke, Sista ta ce ƙyallen goge jini ɗaya bai dawo ba. Likitan ya yi faɗa, ya ce ita ce ba ta iya lissafi ba. Ta ce ta ji, amma ba za ta miƙa allura ba. Minti arba'in ana nema, kowa na harararta, har aka zaro shi daga can ƙarƙashin hanji. Duk lokacin da Hedimasta ya ba da labarin nan, a gefen Sista yake tsayawa, yana yi wa likitan dariya.

Suka gama hagu, suka koma dama. Yanzu hannunsa ya ɗan faɗa, har yana fito. An sa sababbin takalma, saura a mayar da kalifa a ɗaure, sai Auta ta leƙo ta taga ta ce yayarta ce a waya, tana son magana da Mama kan kayan da za a tafi da su. Sista ta dafa benci ta miƙe da ƙyar, gwiwar ta yi ƙara. Ta ce ya jira ta. Ya ce ta je abinta, ai abin da ya rage ko ɗan aji ɗaya zai iya.

Ya iya ɗin kuwa. Ya sauke kalifar daga ƙugiya, ya zaunar da ita, ya ɗaure ƙusoshin tamau. Ya ɗaga taya da ƙirji da gwiwa har bayansa ya amsa, ya sa notuna, ya janye gungume, ya sauke jak. Ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya, yana tsallake na kusa ya kama na nesa kamar yadda aka yi a hagu, yana danna abin kwance taya da dukkan nauyinsa. Ya miƙe yana haki, rana ta take tsaka, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Rabon da ya ji daɗin kansa haka har ya manta. Ya shiga mayar da kaya faranti don ta fito ta tarar komai a jere, sai ya ga gurbi ɗaya a kan farin ƙyallen babu komai.

Nan take ya san inda ƙugiyar take. Ya cire kalifar daga bakin ƙugiya na ƙasa, amma na sama yana nan maƙale a sifirin. Ya kwanta a kan simintin mai zafi ya leƙa. Can bayan taya ya hango ta, ta zame ta cusa kanta a lungu. Ya zura hannu har kafaɗa, ƙarfe ya karce shi, yatsunsa ba su kai ba. Ya gwada da filaya, sai ma ya ƙara tura ta ciki. Babu dabara sai a sake kwance notunan nan da ya ɗaure da ragowar ƙarfinsa, a sake ɗaga mota, a sake fitar da taya. Kuma duk a gaban matar da ya ce wa ko ɗan aji ɗaya zai iya.

Ya zauna a ƙasa yana lallashin kansa. Guntun waya ne fa. Ramin farko da motar za ta faɗa zai karkaɗe shi ya faɗi a titi. Makanikai nawa ne ke barin abin da ya fi wannan, motoci kuma suna ta yawo? Yana cikin wannan sai idonsa ya faɗa kan ragowar hangar da Sista ta yanka, tana jingine a bango. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kama yara da satar amsa, yana yi musu dogon jawabi a filin taro, ya waiga ya dubi taga, ya ɗauki filaya. Ya yanki waya daidai tsawon waccan, ya lanƙwasa ta kai da gindi, ya ɗora a gurbin. Ta zauna kamar don ita aka bar wurin.

Sista ta fito tana ɗingishi. Ta ga mota a ƙasa, ta yaba masa, yabo na gaskiya, har ta gwada notunan ta ce ko bakanike sai haka. Sannan ta ce ya matso su ƙirga.

Ya ƙirga, tana taɓawa. Sifanu, filaya, tsummokin da suka koma baƙi ƙirin. Ya kai goma sha ɗaya, yatsanta ya isa kan ƙugiya ya tsaya. Ta ɗauke ta. Hannunta duk baƙin ƙurar birki ne har wuyan hannu, farantin ma da farin ƙyallen sun sha nasu. Ƙugiyar kuwa fara tas, ko ɗigon maiƙo babu, bakinta bai buɗe ba kamar na wadda ta ɗauki nauyin ƙarfe sau biyu. Ta juya ta sau ɗaya. Ba ta dube shi ba. Ta ajiye ta a kan benci, a wajen farantin.

"Wannan ba ta yi aiki yau ba," ta ce. "Goma sha ɗaya."

Hedimasta ya sha jinin jikinsa, amma ya yi ta maza. Ya ce wataƙila da ya goge kaya ne ya haɗa da ita. Ta ce to, wataƙila. Ta ce wataƙila kuma tata ƙugiyar ta faɗi ne a wani wuri, bari ta duba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta canza fuska ba. Ta dafa jikin mota ta sauka a hankali, ta durƙusa a kan simintin da ko tafin ƙafa ba ya jurewa, ta fara bin ƙasa da tafin hannu. Ta duba ƙarƙashin benci. Ta ja jiki ta duba bakin magudanar ruwa. Ta ɗaga bulo ta mayar. Duk matsawar da za ta yi sai ya ga ta cije leɓe.

Yana tsaye a kanta, hannuwansa sun rasa wurin zama. Daga cikin ɗaki yana jin Auta tana jan zif ɗin akwati tana 'yar waƙarta. Ya tuna baƙin tiyon nan na roba, da abin da aka ce game da ƙafar da za ta taka ta ji wayam. Ya tuna babban likitan da ya sha yi wa dariya, ya ga ashe shi likitan ma faɗa kawai ya yi, bai je ya samo wani ƙyallen ya jefa a faranti ba. Kunya ta kama shi.

"Tashi, Maman Auta," ya ce. "Tana ciki. Bayan tayar dama. Waccan ni na yanko ta."

Ta ɗago ta miƙa masa hannu ya tashe ta. Ta kakkaɓe zaninta, ta ɗauki abin kwance taya ta sa masa a tafin hannu, ta wajen mariƙin.

Notunan da ya ɗaure da alfahari suka rama. Sai da ya hau kan ƙarfen da ƙafa kafin na farko ya yarda. Ya ɗaga mota, ita ta tura gungume, ya zaro taya. Ƙugiyar tana nan baƙa wuluk, bakinta ɗaya a sifirin, ɗayan, wanda filaya ta bari da kaifi, yana kwance a jikin tiyon. Sista ta ce ya tsaya a nan ya duba. Ta zura hannu ta taga, ta sa makulli ta saki sitiyari, ta murza shi dama. Hedimasta ya ga tiyon ya miƙe, ya ga tsinin wayar ya lotsa cikin robar. Ta murza hagu, ya saki. Ta sake murzawa dama, ya sake lotsawa. Bai san kwana nawa ne a hanyar bayan duwatsu ba, amma ya san sun fi ƙarfin roba. Ya zauna a kan tayar da ya cire.

Ta shafa tiyon da yatsa daga sama har ƙasa, ta ce bai ji ciwo ba, ko ƙwarzane babu. A daidai lokacin Auta ta fito da kofunan ruwa biyu, ta ga taya a ƙasa, ta ce ita ta ɗauka an gama tun ɗazu.

"Babanki ne ya ce a sake buɗewa," in ji Sista. "Ƙirgansa bai cika ba."

Auta ta yi dariya ta ce su Baba an zama injiniya, har da su binciken ƙarshe. Ya karɓi ruwan ya kafa kai, don kofin ya rufe masa fuska.

Aka mayar da taya. Aka ƙirga, wannan karon muryarsa ƙasa-ƙasa, har goma sha biyu. Sista ta miƙa wa Auta makulli, amma ta ce kada ta tayar tukuna, ta zauna ta taka birki. Auta ta taka, ƙafarta ta tafi har ƙasa, ta zaro ido. Uwar ta ce ta ci gaba, fistin ne ke neman wurinsa, kuma duk ranar da aka taɓa mata birki kada ta kuskura ta motsa mota sai ta yi haka. A taku na biyar abin ya yi tauri. Suka zagaya layin sau uku a hankali, Auta na tuƙi, suna tsayawa suna tashi, ba a ji ko ƙis ba.

Washegari da hantsi aka loda akwatuna. Aka yi addu'a, aka yi 'yan koke-koken da ba a rasa ba, Hedimasta ya maimaita mata dokokin gangara har sau uku. Suka tsaya a bakin ƙofa su biyu suna kallon motar tana tafiya. A ƙarshen layin, inda ake shiga babban titi, jajayen fitilun baya suka kama, motar ta tsaya cak ba tare da wani sauti ba. Ta jira wata babbar mota ta wuce, sannan ta karya kwana ta ɓace.

Ya daɗe yana kallon wurin. Tun jiya tambayar ke cin sa, sai yanzu ya samu bakin yin ta.

"Da ban faɗa ba fa?"

"Da makullin yana aljihuna har yanzu," ta ce. "Amma na san za ka faɗa."

Ya tambaye ta yadda aka yi ta sani, alhali shi kansa a lokacin bai sani ba.

"Malam, gwiwa biyu gare ni, ɗaya lafiyarta ƙalau. Ba ka lura da wadda na durƙusa a kai ba?"

Ya lura. A kan ta hagu ta durƙusa, kuma tun jiya da yamma take a kumbure. Sai ya matso ya ba ta kafaɗarsa ta dafa, suka juya cikin gida a hankali, yana daidaita takunsa da nata.